Ƙamus ɗin Scrabble na Collins: na cin wasa ne, ba na koyon Turanci ba

Duk wanda yake buga Scrabble, wasan jera haruffa a kan allo don haɗa kalmomi, ya san inda rigima take tashi. Wani zai ajiye QI ko ZA a gidan ninki uku ya kwashe maki, abokin karawarsa ya ture kujera ya ce, "Haba malam, wannan kuma wane yare ne?" Don kashe irin wannan gardama na sayi ƙamus ɗin Scrabble na Collins, kuma a wannan fanni ya biya ni kuɗina. Jerin kalmomin Collins shi ake bi a gasannin Najeriya da Ingila da yawancin duniya. Amurka da Kanada ne suke da nasu daban, wanda bai kai wannan yawa ba. Jerin gaba ɗaya kimanin kalma 280,000 ne, amma littafin da ke hannuna ya tsaya ne a kan masu harafi biyu zuwa tara, kowace da 'yar gajeriyar ma'ana.

Abin da na fi jin daɗinsa shi ne kalmomin da suke da Q ba tare da U ba. Harafin Q maki 10 gare shi, amma idan ya maƙale maka har ƙarshen wasa, makin nan za a cire daga naka. To a nan Bahaushe yake da sa'a, don da yawa daga cikin kalmomin da za su fitar da kai daga Larabci suka fito, mun kuma san su tun muna makarantar allo. QADI alƙali ne, QIBLA alƙibla, FIQH fiƙihu, WAQF wakafi, NIQAB niƙabi, TALAQ kuma saki. Baturen Ingila sai ya yi ta haddarsu kamar lambar waya, kai kuwa rubutun kawai za ka riƙe. Har ZAKAT tana ciki, da NAIRA da KOBO. Ranar da na fara jera QIBLA a kan allo, abokin wasana ya karɓi littafin ya duba da idonsa, sannan ya ce ashe Turawa ma sun san gabas.

Sai dai wanda ya saye shi da niyyar gyara Turancinsa zai sha mamaki. Ma'anonin ba su wuce kalma uku ko huɗu ba, babu misali a cikin jimla, babu yadda ake furtawa. Za ka ga AA wani irin dutse ne na aman wuta, XU kuɗin Biyetnam, ZO wata dabba mai kama da sa a yankin Tibet. Shi ke nan. Ba za ka taɓa sa ɗaya daga cikinsu a takardar neman aiki ba. Kuma ba laifin littafin ba ne, haka wasan yake. Nigel Richards ɗan New Zealand ya ci gasar Scrabble ta duniya ta Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, jerin kalmomin kawai ya haddace.

Duk da haka ban yarda da masu cewa ma'ana ba ta da amfani a wasan ba. Ita ce take gaya maka abin da za ka iya liƙa wa kalma. Idan suna ce, galibi tana karɓar S. Idan aikatau ce, ga ED da ING suna jira. QI tana zama QIS, ZA tana zama ZAS, amma XU ba ta karɓar S ko kaɗan. JO ma haka, jam'inta JOES ne, don haka mutanen Filato su yi haƙuri, sunan garinsu ba ya shiga allo. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke raba mai wasa da gwani, kuma littafin ya nuna su dalla-dalla.

Shawarata ga sabon shiga ita ce kada ya fara da dogayen kalmomi don kwaɗayin makin nan 50 da ake samu idan an zubar da haruffa bakwai a tashi ɗaya. Ya fara da masu harafi biyu, waɗanda ba su kai 130 ba, sannan masu uku. Da su ake jingina kalma a jikin kalma a ci maki ta fuska biyu. 'Yan wasan Najeriya sun yi suna wajen amfani da gajerun kalmomi suna toshe wa abokin karawa hanya, kuma a cikinsu ne Wellington Jighere ya fito, wanda ya doke Lewis Mackay na Ingila a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kofin duniya.

Rubutun littafin ƙanana ne, mai tabarau sai ya matso kusa da fitila, ga shi da nauyi, ba na sawa a aljihu ba. Kafin ka biya kuɗi kuma ka duba shekarar bugu, domin ana sabunta jerin lokaci zuwa lokaci. A 2019 ne aka shigar da OK da EW, a 2021 kuma aka cire ɗaruruwan kalmomin zagi da cin mutunci. In ka ɗauko tsohon bugu a wajen masu shimfiɗa littattafai a bakin titi, za ka iya ƙin yarda da kalmar da ta halatta, ko ka buga wadda aka riga aka soke.