Fasimon ko Kilawudberi: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

In bitamin C kaɗai za a duba, babu ma gasa tsakanin waɗannan 'ya'yan itace biyu, fasimon da kilawudberi. Giram 100 na kilawudberi sabon tsinka kan ɗauki bitamin C da zai iya haura miligiram 100, na fasimon kuwa bai kai miligiram 10 ba. Da wannan lissafin masu talla suke jan hankalin mutane. Ni dai in kuɗina ne, fasimon zan saya.

Kilawudberi ɗan dausayin ƙasashe masu tsananin sanyi ne: Nowe, Suwidin, Finlan, Rasha, Kanada da Alaska. Kowane kara ɗa guda yake bayarwa, kuma kusan duka daga daji ake tsinko shi, tsakanin ƙarshen Yuli da Agusta. Ja ne kafin ya nuna, in ya nuna sai ya koma ruwan zuma, ya yi laushin da ba ya jure doguwar tafiya. Mutanen Finlan har hotonsa suka buga a tsabar yuro 2. Yana da kyau, amma sabonsa da wuya ya iso hannun wanda ba a can yake zaune ba.

Fasimon kuwa bishiyar gona ce, asalinta Sin, kuma har yau Sin ce ta fi kowa nomanta. Japan da Koriya ta Kudu da Sifaniya ma suna samar da shi da yawa, daga Oktoba zuwa Disamba. Giram 100 na da kalori kusan 70, da fayiba kusan giram 3 da rabi, wanda ke taimaka wa hanji ya kuma riƙe ciki. Launinsa na ruwan lemo daga sinadarin karotin yake, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A don lafiyar ido da fata. Ga fotasiyam, ga manganis. Abin da ya fi burge ni shi ne kana cin sa yadda ya fito daga bishiya, ba a dafa ba, ba a ƙara masa komai ba, kuma ƙwaya ɗaya babba ta isa ta tsayar maka da yunwa. Zaƙinsa dai ba wasa ba ne, sukari ya kai giram 12 a cikin 100, don haka mai ciwon suga ya ci da lissafi.

Sai dai sayen fasimon yana buƙatar ido, domin iri biyu ne. Akwai Fuyu, gajere mai faɗi kamar tumatir, wanda ake ci yana da tauri, a yanka shi a ci har da ɓawo. Akwai Hachiya, dogo mai tsini a ƙasa. Wannan in ka gatsa shi bai nuna sosai ba, bauri zai ƙame maka baki, harshe ya bushe, ɗanɗano ya tafi na tsawon lokaci. Sinadarin tanin ne ke yin haka. Ba a cin Hachiya sai ya yi luguf, fatarsa ta yi sheƙi har kana ganin kamar za ta fashe, sannan a sha da cokali. Wani mai sayarwa ya taɓa rantse min cewa nasa duk "na ci nan take" ne, alhali Hachiya ne masu tauri. Tun daga nan siffa nake dubawa kafin in saurari bakin kowa. In ka sayo mai tauri, sa shi a jakar takarda tare da ayaba ko tuffa, iskar etilin da suke fitarwa za ta nunar da shi. Rojo Brillante na Sifaniya da Sharon na Isra'ila masu bauri ne a asali, amma ana cire musu shi da iskar kabon kafin su fita kasuwa, shi ya sa ake cin su da tauri.

Wannan baurin ba a baki kaɗai yake tsayawa ba. Wanda ya yawaita cin wanda bai nuna ba, musamman cikinsa wayam, tanin ɗin kan haɗu da ruwan ciki ya dunƙule ya zama curi mai tauri, wani lokaci har sai an yi aiki. Wanda aka taɓa yi wa tiyatar ciki ya fi kowa bukatar kiyayewa.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen kilawudberi, saboda tsadarsa. Yawanci jam ɗinsa ake sayarwa, wato dafaffensa da ake shafa wa burodi, kuma dafuwa na rage bitamin C ɗin da aka yi maka talla da shi, sannan a cika da sukari. Juya kwalbar ka karanta bayanta. A Tarayyar Turai doka ta wajabta a rubuta giram nawa na 'ya'yan itace aka sa a kowane giram 100. In ka ga sukari ko tuffa a sahun farko na jerin kayan haɗi, kilawudberi a can ƙasa, ajiye ta. Jam na gaskiya cike yake da 'ya'ya masu tauri da za ka ji a haƙori. Wanda ya yi sumul, sai a bincika. Wasu kuma rasberi mai ruwan ɗorawa, wani ɗan itace mai kama da kilawudberi, suke ɗauka hoto su ce shi ne. Garin kilawudberi da ƙwayoyinsa da ake tallatawa a intanet da sunan maganin ciwon daji ko hana tsufa, kada ka ba su ko sisi. Ka kuma lura da kalmar Lakka a jikin kwalba: sunan ɗan itacen ne da harshen Finlan, amma har da wata giya ake kira haka. In lallai sai ka ɗanɗana, nemi daskararre wanda ba a haɗa shi da komai ba.

Busasshen fasimon ma yana da nasa rikicin. Farin garin da ke fitowa a jikinsa sukarinsa ne, alamar ya bushe da kyau. Fumfuna kuwa tana da gashi-gashi, takan yi kore ko baƙi, kuma tana warin ruma. Shinshina kafin ka biya.