Zakuma: Kada Ka Je Don Giwa Kaɗai

Masu tambayata ko zuwa gandun namun daji na Zakuma ya kai wahalarsa, amsata ita ce ya kai, amma da sharaɗi. Kada ka tafi da niyyar lallai sai ka ga garken giwaye. Wanda ya ƙulla wannan a ransa zai iya dawowa yana mita, alhali abin da ya fi giwa ban mamaki ya wuce ta gabansa bai kula ba.

Gandun yana kudu maso gabashin Chadi, a yankin Salamat, kusa da Am Timan. Tun 1963 aka keɓe shi, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 3,000. Ni da kawuna da ƙanena muka ɗauki hayar kat-kat, wato motar shiga daji, daga Njamena. Kwalta ce har Mongo, ta Bokoro da Bitkin, duwatsun Gera suna raka ka. Daga nan sai jar ƙasa da ƙura ta Abudeya. Mai motar ya rantse mana tayar safaya biyu ya sa, da muka yi faci a hanya sai ga ɗaya suɗaɗɗiya, ba ko iska. Ku duba da idonku kafin ku ba da kuɗi.

A sansanin Tinga muka sauka. Ɗaki tsaf, ga gidan sauro, ga ruwan wanka, abinci ba laifi. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne yadda aka karɓi Turawan da muka tarar, haka aka karɓe mu. Mutanenmu sun ɗauka wurin na baƙi ne kawai, ba haka ba ne. Har sansani mai sauƙi aka tanada domin 'yan ƙasa, 'yan makaranta ma ana kawo su.

Ana fita da sanyin safiya a buɗaɗɗiyar mota, a sake fita bayan la'asar. Jagoranmu dattijo ne mai ƙarancin magana, Larabcin Chadi yake yi da mu, yana iya duban sawu a ƙasa ya ce zakanya ce, kuma ba ta yi nisa ba. Kawu ya dame shi da "Malam, yau dai giwa." Sai ya ce, "Alhaji, giwar nan ba ta manta ba tukuna."

Gaskiyarsa. A 2002 giwayen Zakuma sun haura 4,000. Kafin 2010 saura wajen 450, saboda masu farautar haure da ke shigowa a kan dawakai daga ɓangaren Sudan suna buɗe wa garke wuta. Waɗanda suka tsira suka dunƙule wuri guda don tsoro, haihuwa ma ta kusa tsayawa. A 2010 ne gwamnati ta damƙa wa ƙungiyar African Parks riƙon gandun, aka gyara tsaro, aka sa wa wasu giwayen na'urar bibiya a wuya. Ba a banza aka samu ba: a 2012 an kashe masu gadi shida a sansaninsu na Heban suna sallar asuba. Allah Ya jiƙansu. Yanzu giwayen sun wuce 600, da 'ya'ya a cikinsu, amma garken har yau cikin duhun dajin ƙaya yake fakewa. Mu dai bayansu da kunnuwansu muka hango, muka ji ƙarar karyewar rassa, shi ke nan.

Toraye kuwa daban suke. Akwai waɗanda suka saba zuwa hedikwatar gandun shan ruwa daga tiyo. Na tsaya kusa da wani har ina ganin gashin da ke bakin hancinsa da tsagar da ke haurensa na hagu. Zai miƙo hancin a cika masa, ya naɗe shi zuwa baki, ka ji ruwan yana zuba a cikinsa kamar ana juye tulu a randa. Ƙanena mai cika baki tun daga gida, bayan mota ya koma.

Amma inda dajin ya biya mu kuɗinmu shi ne fadamar Rigek. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ƙafe ko'ina, komai nan yake taruwa. Gauraki dubbai, dinya, kwasakwasa, borin-tunke, a bayansu ga dari da gwanki, can gefe ɓauna sun yi baƙi ƙirin. Ɓaunan nan a 1986 ba su fi 220 ba, yau sun haura 10,000. Raƙuman dawa irin na Kordofan, waɗanda aƙalla rabin da suka rage a duniya a nan suke, suna tale ƙafafu suna sha. Gab da magariba sai tsuntsayen jan-baki suka taso, ba iyaka, suka rufe sama suna murɗawa, fukafukansu na ruri, in sun sauka a reshe sai ya lanƙwashe. Kawu manomin gero ne kafin ya zama ɗan kasuwa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, yau na biya kuɗi na zo kallon ɓarayin gonata."

Karkanda kada ka sa rai. An kawo shida daga Afirka ta Kudu a 2018, huɗu suka mutu cikin 'yan watanni, aka ƙaro biyar a 2023, kuma tsaronsu ake yi sosai.

Da damina ruwa ke shanye gandun, a rufe yake. Daga wajen Disamba zuwa Mayu ake zuwa. Maris da Afrilu sun fi dabbobi, sun kuma fi zafi, ma'auni yana wuce 40, don haka da tsoho ko ƙaramin yaro gara Janairu. Ƙudan tsando na nan, cizonsa kuwa ba wasa, kuma baƙin tufafi da shuɗi yake bi, a bar shuɗiyar shadda da baƙin hijabi a gida. Waya ba ta kamawa a yawancin wurare. Hayar mota da mai su ne suka fi cin aljihu, ba masauki ba, saboda haka ku haɗu ku cika motar ku raba, ku nemi ɗaki tun kafin ku taso, ku kuma cika tanki da jarkoki a Mongo.