Shayin 'ya'yan wardin daji da na saya a Wuse 2, ga yadda na same shi

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wadda ta ga kwalin shayin nan mai hoton jajayen 'ya'yan itace an rubuta Rosehip a jiki, don Allah kafin ki miƙa kuɗi ki juya bayan kwalin ki karanta abin da aka haɗa a ciki. Na sayi iri biyu a wani shagon kayan Turkiyya da ke Wuse 2, na kwali mai 'yan jakunkunan tsomawa da kuma busassun 'ya'yan zalla a leda, kuma wallahi ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan.

Na kwalin ba sai na ja zance ba. Kina tsoma shi a ruwan zafi zai yi jawur, ga tsami mai kama baki, kina kurɓa za ki ce ai na san wannan. Zoɓo ne. A bayan kwalin ma sun rubuta akwai zoɓo a haɗin, dama kamfanoni da yawa haka suke yi saboda shi ke ba shayin launin da ido ke so. Ba ƙarya suka yi ba tunda sun rubuta, amma ni dai ya min ciwo in biya kuɗin kayan waje in sha abin da ake awo da mudu a kasuwar Wuse, abin da manoman Jigawa ke nomawa ana lodinsa zuwa ƙasashen waje.

Na ledan shi ne abin magana. 'Ya'yan wardin daji ne da ke fita bayan furen ya zube, suna nuna wajen watan Satumba zuwa Oktoba a ƙasashe masu sanyi, a Turkiyya yankin Gümüşhane ya yi suna da su, ƙasar Cile ma tana fitar da su sosai. Girmansu kamar magarya sai dai sun ɗan fi ta tsawo, fatar ja mai sirkin ruwan lemo, idan ta bushe sai ta yamutse ta yi tauri. Naman jikin ɗan siriri ne, kina fasawa za ki ga ciki cike da ƙwallaye masu taurin gaske da wani gashi fari siriri, to wannan gashin shi ne matsalar, yana sa ƙaiƙayi a hannu, idan ya shiga maƙogwaro kuwa sai ki yini kina gyaran murya. Rariyar shayi ba ta tare shi, sai kin sa kyallen tatar koko mai kyau kin tace, in da hali ki maimaita. Yaron shagon bai faɗa min wannan ba kuma babu inda aka rubuta a ledar, abin da ya kamata a ce shi ne farkon abin da za a gaya wa mai saye, musamman mai yara a gida.

Ruwansa ba ja ba ne, launin ruwan lemo ne mai ɗan duhu, tsaminsa a hankali yake shiga ba ya kama haƙori, can ƙasa akwai ɗan zaƙi da ƙamshin busasshen 'ya'yan itace. Da zuma kaɗan da citta ya yi min daɗi sosai, maigida ma da ba ya son shayin ganye ya sha bai yi ƙorafi ba.

Maganar amfani kuma, gaskiya abin yana da shi. Ɗanyensa a giram 100 ana samun bitamin C wajen miligiram 426 a lissafin ma'aikatar noma ta Amurka, lemon zaƙi kuwa kusan 53 ne, kin ga tazarar ba kaɗan ba ce, ga shi babban mutum 75 zuwa 90 kacal yake buƙata a rana. Yana da harza mai yawa da ke taimaka wa ciki, da sinadaran da ke ba karas da tumatir launinsu. Saboda bitamin C ɗin ne ma lokacin yaƙin duniya na biyu da lemo ya yi wuya a Ingila, daga 1941 aka riƙa sa mutane har da 'yan makaranta suna tsinko shi a daji ana yin sirof ana ba yara. Amma wancan lissafin na ɗanye ne fa. Bitamin C ba ya jure zafi da iska da doguwar ajiya, busarwa tana cin kaso mai yawa, zama a shago ya ƙara ci, ke kuma ki zo ki ɗora a wuta ya yi ta tafasa, me ya rage? Shi ya sa nake ɗan daka shi a turmi sama sama in zuba a fulas da ruwan da ya ɗan huce in bar shi ya kwana, da safe in tace. Kuma mu tuna gwaiba ɗanya da ake tallarta a bakin titi tana da wajen 228, ba ta sha jirgi ba ba ta sha ajiya ba, in don bitamin C kawai za ki saya to gwaiba ta wadatar.

Shagon kansa tsaf yake, akwai sanyi, yaran suna da fara'a, sun bar ni na duba leda leda ba su nuna gajiya ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda ɗaya daga cikinsu ya dage wai Hajiya wannan yana maganin ciwon gwiwa da suga da hawan jini. Haba. Abin da aka gwada a kan ciwon gaɓoɓi garinsa ne da ake sarrafawa musamman, shi ma sauƙi kaɗan aka gani, shayi daban. Ina tsoron wata baiwar Allah ta ji haka ta ajiye maganin asibitinta. Mai fama da tsakuwar ƙoda ko mai shan maganin tsinka jini ma ya fara tambayar likitansa kafin ya maida shi abin kullum.

Wajen zaɓe ki ɗauki ledar da 'ya'yan ke da sauran ja, na ga wasu sun yi baƙi ƙirin a ƙasan kanta, waɗannan sun daɗe. Kina kaiwa gida ki juye a kwalba mai murfi ki sa inda rana ba ta kaiwa, zafin Abuja na watan Maris ba zai bar shi a leda ba. Na ce wa mai shagon idan zai sake oda ya nemo wanda aka riga aka cire wa ƙwallo da gashi, akwai shi, shi zan koma in saya idan hunturu ya shigo.