Proxy ko token, wanne ya fi tsare grid?

Ɗan'uwa ka tambaya wai idan ana haɗa grid, wato kwamfutocin cibiyoyi daban-daban suna aiki tare, da me ya fi a tsare shiga, tsohon tsarin satifiket na X.509, wato takardar shaidar dijital da ke nuna ko kai wane ne, ko token. Duk biyun matsala ɗaya suke bi: ka tura aiki ya sauka a wata kwamfuta can wata ƙasa, kai kana barci, shi kuma yana so ya ɗauko fayil da sunanka, to wa zai ba shi izini?

A tsohon tsarin, wato GSI, tsarin tsaron da ke cikin manhajar grid ta Globus Toolkit, kana da satifiket naka na kusan shekara, daga jikinsa kake yanko ƙarami da ake ce wa proxy, yawanci awa 12 yake yi ya mutu, shi aikin ke tafiya da shi. Ƙa'idarsa na cikin takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 3820 tun 2004, sannan VOMS, mai riƙe da rajistar 'yan ƙungiya, ya liƙa masa ƙungiyar da kake ciki da matsayinka. Ya daɗe yana aiki, ba a raina shi ba. Amma fa proxy ɗin nan kai ne sukutum, duk wanda ya sace shi daga /tmp, foldar wucin gadi da ake ajiye shi, zai karanta, zai rubuta, zai share duk abin da kake da iko a kai har wa'adinsa ya cika. Ga wahalar sabunta satifiket da ke sa masu bincike tsaki.

Token kuwa izinin aikin ne rubuce a jikinsa. WLCG, grid ɗin masu binciken cibiyar kimiyya ta CERN, ta fitar da ƙa'idarta ta JWT, wato wani salon rubuta token, a 2019, ana iya rubuta storage.read, wato izinin karatu kawai, a kan folda ɗaya tak, a kuma faɗi sabar da za ta karɓe shi, ko an sace ɓarnar kaɗan ce. Inda gizo ke saƙa shi ne sabar da ke bayar da token ɗin, irin INDIGO IAM, nauyi duk ya koma kanta, in ta faɗi sababbin ayyuka sun tsaya cik, kuma refresh token mai dogon rai, wanda da shi ake karɓo sabon token, sai an ɓoye shi sosai.

Ni dai in sabon gini ne token zan ɗauka, musamman da Globus ta daina kula da Toolkit ɗinta a 2018. In kuma akwai tsofaffin ma'ajiyar da proxy kaɗai suka sani, ka bar biyun su yi tafiya tare, ka fara sauya wajen tura aiki zuwa token tukuna.