Na je na ga HMS Victory a Portsmouth, ashe ba shi kaɗai ne mai sunan ba

Jama'a duk wanda Allah Ya kai shi Ingila ya daure ya ware yini guda ya leƙa Portsmouth Historic Dockyard, wurin da ake adana tsofaffin jiragen ruwan yaƙi. Daga tashar Waterloo ta Landan na hau jirgin ƙasa, ka na sauka a Portsmouth Harbour ƙofar wurin na nan kusa, da ƙafa ma za ka taka.

Ni dai Victory na je gani, jirgin ruwan yaƙin da Admiral Nelson, babban kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar a 1805. An saka shi a ruwa tun 1765, bindigogi 104, kuma tun 1922 yake zaune a busasshen wuri, har yau sojan ruwan Birtaniya ba su cire shi daga lissafin jiragensu ba. Ana kan yi masa babban gyara amma ana shiga ciki. In kana da tsayi ka sunkuya sosai a benen ƙasa, rufin gajere ne, ga duhu ga ƙamshin tsohon katako, sai ka tsaya kana tunanin yadda mutum sama da 800 suke kwana suke tashi a wannan matsatsin. Akwai ɗan ƙarfe a kafe daidai inda harsashi ya kayar da Nelson.

Amma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai shi ne labarin takwaransa. Ashe tun ƙarni na 16 ake raɗa wa jirage sunan Victory, wannan ya tafi a ba wani, kamar yadda ake mayar da sunan kaka a kan jika. Wanda ya gabace shi ya nutse ne a 1744 cikin guguwa a tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, da Admiral Balchen da mutum sama da dubu, ko ɗaya bai tsira ba, kuma sai a 2008 aka gano inda yake kwance. Kowa Nelson yake ambata, waɗancan bayin Allah kuwa ba kasafai ake tuna su ba, abin ya taɓa ni sosai.

Ku je da sassafe don akwai wasu tsofaffin jiragen ruwan yaƙin, Mary Rose da HMS Warrior, a harabar, ni kafin in gama da Victory la'asar ta yi, Warrior daga waje kawai na kalle shi. Ku tafi da rigar sanyi, iskar bakin tekun nan ba ta wasa.