Sifirit a shagon aski: abin da na gani a shekara shida

Shekara shida ke nan ina riƙe da ƙaramin shagon aski a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Ringim, kuma a tsawon wannan lokaci da wuya wata ya wuce ban sayo kwalbar sifirit daga kemis ba. Da shi nake goge kilifa da almakashi da mataji tsakanin kai da kai, kuma a wannan aikin ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba, domin yana narkar da maiƙon da ke liƙe wa haƙoran kilifa, ya bushe nan take, ba kamar ruwa ba da yake kwanciya a jikin ƙarfe har ya haifar da tsatsa.

Masu zuwa aski sukan tambaye ni ko giya ce, tunda warin ya yi kama. Asalinsa sinadarin itanol ne, wanda shi ne mai bugarwa a cikin barasa, amma da gangan ake lalata shi ta hanyar zuba masa metanol, wani lokaci har da sinadari mai tsananin ɗaci ko launin shunayya, don kada ya shawu. Tun a 1855 Ingila ta halatta sayar da irin wannan ba tare da harajin barasa ba, saboda masu sana'a su same shi da araha. Akwai kuma isofurofil, wanda ake samu a wasu kwalaben kemis da ruwan goge hannu. Shi daban ne, kuma shi ma ba abin sha ba ne. Saboda haka nakan karanta jikin kwalba, in duba lambar NAFDAC, kafin in biya kuɗi.

Metanol ɗin nan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Idan ya shiga ciki, hanta ce take juya shi ya zama guba mai cinye jijiyar gani, kuma mililita 10 na tsantsarsa, wato cokalin shayi biyu kacal, yana iya makantar da babban mutum, mililita 30 kuwa yana iya kisa. Abin da ya ƙara muni shi ne alamun sukan yi jinkirin awa 12 zuwa 24, sai mutum ya ɗauka ya tsira, alhali ɓarnar tana gudana a ciki. Shi ne ya hallaka mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015, bayan sun sha ogogoro mai gurɓata. A da nakan juye sifirit ɗina a robar ruwan sha don sauƙin tsiyayawa, har ranar da na waiwayo na ga ɗan ƙanena mai shekara huɗu ya ɗauke ta daga kan benci yana kokawa da murfin da haƙoransa. Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar ban sake raba shi da kwalbarsa ta asali ba.

Batun wuta kuma, mu masu aski mun gaji al'adar zuba wa kilifa sifirit mu ƙyasta ashana, wanda ya zo aski ya gani ya gamsu. Na daina. Harshen wutar sifirit shuɗi ne mai haske-haske wanda ido ba ya kama shi da rana, kuma wata azahar yaron shagona ya ɗauka ta mutu, ya karkata kwalba zai ƙara, sai ga hannun rigarsa yana hayaƙi. Rigar tsumma muka jiƙa muka danne, ya tsira da ƙuna a yatsu biyu. Ban da haɗarin ma, wutar tana cinye sifirit ɗin kafin ya yi aikinsa, domin yana buƙatar ya jima a jiƙe a jikin ƙarfe. Yanzu burushi nake fara sawa in kakkaɓe gashi, sannan in jiƙa da auduga in bari ya bushe da kansa. Idan na sami mai ƙarfin kashi 95, nakan haɗa awo uku da awo ɗaya na tafasasshen ruwan da ya huce, domin wanda ke kusa da kashi 70 ya fi tsantsarsa kashe ƙwayoyin cuta, saboda ruwan yana hana shi saurin tashi.

Inda na ga an ɗora masa kayan da ba nasa ba shi ne ciwo da cibiya. Ba ya kashe ƙwayar tetanus mai sarƙe haƙora idan tana kwance a cikin ƙoƙonta, don haka reza sabuwa nake ɓare wa kowa a gaban idonsa, ba na goge tsohuwa in maimaita. A kan buɗaɗɗen rauni kuwa zafi yake yi, yana ƙona naman da ke ƙoƙarin haɗewa. Ruwa mai tsabta da sabulu sun fi. Kwanakin baya wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta zo da murfin kwalba ta ce, "Ɗan nan, ɗan tsiyaya mini na goge cibiyar jikana." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan na ƙarfe ne. Bari in kai ki asibitin sha-ka-tafi a ba ki man cibiya." Man kilohekzidin nake nufi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don cibiyar jarirai tun 2013. Ba ta ji daɗi ba da farko, amma ta hau bayan babur muka tafi.

Ƙorafina ɗaya shi ne na tsiyaye da wasu ke sayarwa a kasuwa cikin kwalabe marasa rubutu. Sau ɗaya na saya don araha, na goge madubi da shi, sai ya bar ɗigon ruwa yana gangarowa har na gama aske kai guda. Na kemis mai rufaffen murfi ya fi tsada, amma shi zan ci gaba da saye, kuma mazauninsa yanzu saman kanta ne, can nesa da janareta.