Ɗan uwa ko horarren tafinta a gaban likita da alƙali

Idan mara lafiya ba ya jin harshen likita, akan jawo ɗan uwansa ya yi tafinta, domin yana kusa kuma ba a biyansa. Sai dai kunya takan hana ɗa maimaita abin da mahaifiyarsa ta faɗa game da haila, tausayi yakan sa ya sassauta mummunan labari, wani lokacin ma ya rikita adadin magani. Horarren tafinta kuwa baƙo ne, sai an jira shi, amma yana isar da magana yadda aka furta ta, yana kuma riƙe sirri. A kotu na fi jin tsoron ɗan uwa, domin mai yiwuwa yana da nasa muradin a shari'ar, alhali tafintan kotu rantsar da shi ake yi.